Wasiƙun Malama Pruitt

Duk ranar Juma'a Wynona kan dawo daga makaranta da ambulan a liƙe, duk Juma'a kuma da yunwa take kwana. Shekarunta goma sha ɗaya, iyayenta sun rasu a haɗarin mota, riƙonta ya faɗa hannun ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Darlene, a wani ƙaramin gari na jihar Kentucky. Al'adar ajinsu ce Malama Pruitt ta rubuta wa kowane gida bayanin halin ɗansu na mako, iyaye su sa hannu a mayar a liƙe ranar Litinin.

Darlene za ta farke ambulan ɗin, ta karanta a zuci, ta taɓe baki, sannan ta ce malama ta rubuta cewa Wynona ɓarauniya ce, ko maƙaryaciya, ko daƙiƙiya. Daga nan sai bel ya sauka a gadon bayanta, a kulle ta a ɗakin wanki, tana jiyo ƙamshin soyayyar kaza da 'ya'yan gidan ke ci. Wayyo marainiya! Ta yi kuka har hawaye ya ƙafe, tana roƙon Ubangiji ya nuna mata laifinta ko ta gyara... A aji ta daina ɗaga hannu, ta daina haɗa ido da malamar da take ƙauna.

Ita kuwa Darlene burinta ɗaya ne, ta tura yarinyar gidan horon kangararrun yara ta huta. Sa hannun malama kawai ya rage mata, don haka ranar ganawar iyaye da malamai ta caɓa ado, ta tasa Wynona a gaba, ta zauna tana matsar hawayen ƙarya, wai yarinyar ta fi ƙarfinta.

Ganin takardar gidan horon a kan tebur, Wynona ta zube ƙasa.

"Malama, ki yafe mini duk abin da kike rubutawa na yi. Ban san lokacin da nake yin satar ba... amma zan daina. Kar ki bari a kai ni can."

"Wace sata, 'yata?" in ji Malama Pruitt. "Wata bakwai ban rubuta komai a kanki ba sai yabo."

Darlene ta yi zumbur za ta ja yarinyar su fita, malama ta tare ƙofa, ta buɗe aljihun tebur ta fito da kwafin wasiƙun duka. Da ta ga shatin bel a wuyan Wynona, sai ta ɗaga waya ta kira hukumar kare yara.

Kotu ta ƙwace riƙon, Darlene ta tafi gidan yari, aka danƙa Wynona ga kakarta ta wajen uwa. Ranar da za su bar garin, malama ta miƙa mata wasiƙun nan ashirin da takwas. A mota ta buɗe ta farko da hannunta, ta karanta a bayyane, kakar tana tuƙi tana kuka.