Tagar Da Ba A Sa Wa Labule

Na gaji da jin ana cewa Ewout Terpstra da haɗama aka haife shi. Ba haka ba ne, kuma ni ce zan faɗa, don tare muka tsufa muna koyarwa a makarantar sakandare ɗaya a garin Haarlem, shi lissafi, ni tarihi. Mutum ne mai rigar sanyi ɗaya da keke mai kukan sarƙa. Kallo ne ya cinye shi.

Mu nan ba ma sa labule a tagar falo. Haka muka taso, wai mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa. Hanyarmu ta komawa gida kuwa ta bakin kogin Spaarne take bi, inda manyan gidajen suke, kuma lokacin sanyi kafin a tashi daga makaranta an riga an kunna fitilu. Sai ka ga komai a fili: doguwar kujera, fiyanon da babu mai kaɗawa, kare a kwance kan dardumar da ta fi ɗakin kwananka faɗi. Ewout ya kan rage gudu ya yi ta kallo. Zagin mutanenmu kuma da cuta ne, kowa ya sani, ko ƙafarka aka taka a kasuwa taifot za ka aika wa mutum. Ewout ya ƙware a wannan.

"Dube su, Hilke," zai ce mini. "Kwalara ta ci su. Me suka taɓa yi wa duniya?"

"Taka kekenka, malam, miyarka na hucewa."

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan 'ya'yan mutane, ga shi har ya yi furfura a gidan haya mai jiƙaƙƙen bango. Matarsa Liesbeth tana aiki a ɗakin karatu na gari. 'Yarsu Femke ta zama nas, amma har lokacin a ɗakinta na yarinta take kwana, don ko ɗaki ɗaya ya fi ƙarfin albashinta. Ranar da abin ya kai shi bango, wani tsohon ɗalibinsa ne, daƙiƙin da ya sha faɗuwa a ajinsa, ya hango shi ta ɗaya daga tagogin nan ya ɗaga masa kofin giya. Ewout bai yi zagi ba ran nan. Hakan ya fi ba ni tsoro.

Ban san wa ya ba shi labarin Aaltje ba. Tsohuwa ce da ke zaune a wani ɗakin injin jan ruwa da aka daina amfani da shi, can ƙarƙashin madatsar ruwa, inda ƙasa ta fi teku ƙasa. Abin da ya gani a can shi ya faɗa mini daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Da rana tsaka ya je, amma ciki duhu ne, ruwa baƙi yana kwance har idon sawu. An jingina gilasan tagogi a bango, ɗaya bayan ɗaya, na gidajen da aka rushe, kowanne da hazo a jikinsa kamar yanzu wani ya gama numfashi a kai. A tsakiya akwai tukunyar ƙarfe cike da kifin nan mai kama da maciji, suna nannaɗe juna ba sauti. Warin laka da tsatsa ya cika wurin. Tsohuwar tana zaune kan bututun injin, tana cin burodi da cuku.

"Malamin makaranta," ta ce. "Ku ne kuka fi zuwa. Talaka ba shi da lokacin, mai kuɗi ba shi da bukata."

"Ba sata na zo nema ba. Rabona nake so."

"Kowa haka yake cewa, ɗan nan. Zo nan."

Ta zaro gilashi ɗaya ta kwantar a cinyarta. Ta kamo kifi, ta tsaga shi da farce, ta shafe gilashin da jinin har ya rufe. Ta ce ya sunkuya ya faɗa wa gilashin duk abin da ya taɓa faɗa a gaban tagar masu arziki, kada ya rage. Ya ce mini sai da muryarsa ta dishe. Yana faɗa jinin yana shigewa ciki, har gilashin ya koma garau.

"Ka sa shi a tagar falonka. Duk gidan da ka koma, ka tafi da shi. Ido yake ci. Duk wanda ya kalla, arzikinka ya ƙaru."

"Me zan biya?"

"Me zan saya a nan? Riƙe abinka."

"Jini fa? Na ji ana cewa..."

"Kun cika kallon fim. Ba ruwana da jininka. Sai dai abin da mai kallo ya bari a kan gilashin, na mutanen gidan ne."

"Me mai kallo zai bari ban da kallo?"

"Ni za ka tambaya?" ta ce, ta ci gaba da cin burodinta.

Shi da yake koya wa yara su karanta tambaya sau biyu, bai tsaya ya sake tunani ba. Ya ɗaure gilashin a bayan keke ya dawo, ya sa shi a tagar falon gidan hayarsa.

Arziki ya zo ba kunya. Wata fadama da kawunsa ya bar masa, wadda ko saniya ba ta kiwo a ciki, wani kamfani ya zo ya saye ta kamar zinari ne a binne. Duk abin da ya sa wa hannu sai ya haihu. Ya ajiye aiki, ya sayi gida a bakin Spaarne, ya sa aka ɗora gilashin a tsakiyar babbar tagar falo. Ya ɗauko mahaifinsa Gerrit daga gidan tsofaffi ya ajiye masa kujera a gaban tagar don ya riƙa kallon jiragen ruwa. Na je na taya su murna, kuma da zuciya ɗaya na yi. Sai dai da na fito, wasu ma'aikata biyu suna wucewa a kan keke, na ji ɗaya ya ce, "Dubi tsohon can, ya ƙoshi. Kwalara ta ci shi."

Kafin mako ya zagayo Gerrit ya mutu da amai da gudawa. Likitoci suka yi ta gwada ruwan gidan, don cutar a littafi kawai suka san ta. Ba su sami komai ba.

Liesbeth ce ta fara ji. Ta ce in ta matsa kusa da tagar tana jin maganar masu wucewa a cikin kanta, har wadda ba su furta ba. Ta koma goge gilashin daga safe zuwa yamma, da sabulu, da tsumma, daga baya da tafin hannu, har fatar ta saɓule. Ranar da aka zo tafiya da ita asibitin masu taɓin hankali tana cewa, "Ewout, ba su ma san sunanmu ba." Sannan Femke ta fara tari, tana tofar da jini a hankici.

Ya koma wurin Aaltje, ya durƙusa a cikin ruwan.

"Karɓi abinki. Karɓi gidan ma."

"Ba nawa ba ne. Ni ban zagi kowa ba."

"Zan fasa shi."

"Gwada."

Ya gwada da guduma, gudumar ce ta tsage. Ya kira masu aiki su cire, suka ce ya zama ɗaya da bangon. Ya kai Femke asibiti, can ma ba ta tsira ba, don 'yar gidan ce duk inda take. Daga nan ya yi abin da ɗan garin nan ya kamata ya san ƙarshensa: ya sa labule mai kauri, ja, daga sama har ƙasa.

Da can mutane kallo ɗaya suke yi su wuce. Yanzu suka koma tsayawa. Gida ɗaya a duk layin da labule a rufe da rana. "Me suke ɓoyewa?" "Malamin makaranta fa, ina ya samu?" "Tarin fuka ya ci su, ɓarayi." Labulen a ciki yake, gilashin kuwa yana waje yana shan ido fiye da kullum.

Wata ranar Asabar na same shi tsaye a ƙofar gida ba rigar sanyi, yana tare masu wucewa.

"Don Allah, baiwar Allah, 'yata ba ta da lafiya. Ki yi mata fatan alheri."

Matar ta dubi gidan, ta dube shi. "Mu ma namu ba su da lafiya, maigida, kuma a layi muke jiran likita." Ta ja jakar cefanenta ta wuce tana ƙunƙuni, kuma na san abin da take faɗa.

"Hilke," ya ce, "mutanen kirki ne fa. Irinmu ne."

"Na sani. Shiga ciki, sanyi zai kama ka."

Femke ta rasu da shigowar bazara. Yarinyar da ta yi ta jinyar 'ya'yan wasu, ba ta taɓa zama a falon nan ba ma, don ta ce kunya take ji a gan ta a ciki.

Ewout ya rabar da komai, amma gidan ya ƙi sayuwa. Yana nan a ɗakin ƙasa inda ake ajiye kekuna, ba ya gane ni sai jefi-jefi. Rashin adalcin da ya ƙona masa rai yana nan yadda yake, ni ma har yau a haya nake, kuma ba zan ce wa kowa ya yi murna da shi ba. Ka yi fushi, ka yi ƙara, ka fita zanga-zanga in ƙafarka za ta iya. Amma kai da ke rage gudu a gaban tagar wani kana jin da ma kai ne a ciki ko ta wace hanya, ka ji tsoron ranar da za a ba ka. Tsohuwar nan ba ta kashe kowa ba, kujera kawai ta canja masa, mai kallo ya koma wanda ake kallo. Kuma ba shi ya biya ba, Femke aka binne.