Dutsen Rezo

Ranar da Mahfuzu ya fara ganin Sadiƙa, yana tsaye ne tsamo-tsamo a tsakiyar waken babanta, da mitar awo a hannu, sai haki yake.

"Malam, ɗaga ƙafarka."

Ya waiwaya. Tana zaune a kan wani faffaɗan dutse can saman gonar, waya a hannu, ta kafe shi da ido.

"Wake kake takawa. Ko a Garwa a kan bishiya yake fitowa?"

"Ya aka yi kika san daga Garwa nake?"

"Wa zai hau Guzal da takalmi sau ciki in ba ɗan birni ba?"

Ya janye ƙafarsa daga kan waken. Saurayin da ke saye da sayarwa da bakinsa a kasuwar Rumde Ajiya ta Garwa, yau ga shi wata 'yar ƙauye ta ɗaure masa harshe!

Guzal ɗan ƙauye ne a kan duwatsun Mandara. Gonakinsu hawa-hawa suke, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da kakanni suka jera da hannu, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Shekarun tashin hankali sun ɗauke ƙafar masu yawon buɗe ido, amma yanzu sun fara dawowa daga Duwala da Yawunde, har da Turawa jefi-jefi. Shi ya sa Alhaji Salmanu, mahaifin Mahfuzu, ya turo shi ya auna gonar da ta fi kowace kallon kwari, a saya, a katange, a gina masaukin baƙi.

Gonar kuwa ta Malam Isa ce, mahaifin Sadiƙa, jikan wani Bahaushe mai fataucin kanwa da ya hau dutsen nan ya yi aure bai sake sauka ba.

"Kina zaune nan kin juya wa wannan kyan baya?" Mahfuzu ya ce, yana nuna tsaunukan da suka miƙe har iyakar gani.

"Mu ba ma cin kallo," in ji ta. "Rezo na zo nema. Duk Guzal nan kaɗai waya ke kamawa, a kan dutsen nan. Ka matsa taku uku, ta ɗauke."

Ya zauna nesa kaɗan, wai zai gwada tasa. Ƙarya yake, wallahi. Lambarta yake so, kuma sai da rana ta yi ja kafin ya samu.

Da ya je gaida Malam Isa ya faɗi abin da ya kawo shi, tsohon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka gaida Alhaji. Ka ce masa a ƙarƙashin katangar nan ta uku aka binne cibiyata. Ba ta sayarwa ba ce."

Mahfuzu ya koma Garwa hannu rabbana, ya baro zuciyarsa a kan dutse.

Daga nan rayuwarsa ta koma jiran la'asar. Sau ɗaya Sadiƙa ke hawa a rana, bayan ta gama aikin gida. Tun azahar zai fara juya waya a shagon atamfofin babansa, har mai saye ta tambayi kuɗin turmi sau biyu bai ji ba.

"Mai Mita, ka wuni lafiya? Yau an yi ruwa, dawa ta fara fidda kai."

"'Yar Dutse, ban wuni ba sai yanzu. Faɗa min abin da kike gani."

"Akuyar Jauro mai gari na gani tana cin gyaɗarmu. Bari in kore ta."

"Ki bar ta ta ci. In kin matsa taku uku na rasa ki."

Sai ta ce: "Na bar ta. Kai za ka yi wa Baba bayani."

Wata rana ta rubuto masa: "Da na sauka daga nan sai in ji kamar na baro wani abu. In duba, ga wayata, ga mayafina. To mene ne?"

Ya karanta saƙon nan ya fi sau ashirin.

Duk ƙarshen wata sai ya hau mota zuwa Gidar, ya hau babur, ya ƙarasa da ƙafa. Ya sayi takalmin roba. Ya koyi gaisuwar Fulatanci, "Jam na?", yadda tsofaffi ke so a ja ta. Malam Isa na amsa gaisuwarsa, amma bai taɓa ce masa ya shigo zaure ba.

"Yarinya, ki buɗe ido," ya ce wa Sadiƙa. "Wanda ya fara zuwa da mita, ban san me yake aunawa yanzu ba."

A Garwa ma ba daɗi. Ranar da Mahfuzu ya yi ƙarfin hali ya faɗa, Alhaji Salmanu ya ajiye kofin shayi da ƙarfi.

"Na aike ka sayen gona, ka dawo min da zancen aure? Duk 'yan matan Garwa sun ƙare ne, sai wadda ake hawa dutse da rarrafe kafin a gan ta?"

"Abba, gonar nan ba za su sayar ba. Kuma duk ƙauyen a nan suke kiran 'ya'yansu."

"Rufe min baki! Tun da ka kasa, akwai masu iyawa."

Mai iyawar kuwa Mahamat ne, ɗan Guzal mai yi wa baƙi jagora, wanda ya shekara biyu yana aika wa Sadiƙa turare tana mayar masa. Alhaji ya tura Mahfuzu Maiganga karɓo kaya, a bayansa ya aika mai awon ƙasa. Mahamat ya kai shi gonar da sassafe, suka kafa turaku masu jan fenti a cikin dawar da ke tsaye, don a ga iyakar ginin. Turke ɗaya ya ƙi shiga, sai suka zare dutse daga gindin katanga ta uku suka cusa shi.

Da Malam Isa ya iso, Mahamat ya ce, "Baba, ni ɗan aike ne. Surukinka na gobe ya ce a fara, ai gonar ta kusa zama ta gida."

Ran nan da la'asar saƙo ɗaya ya shigo wa Mahfuzu a tashar Maiganga.

"Ashe ni ce ƙofar gonar. Ka gama awonka, Mahfuzu. Ba zan ƙara hawa dutsen nan ba."

Ba Mai Mita ba. Mahfuzu.

Ya kira, a kashe. Ya rubuta, bai shiga ba. Ya dawo Garwa ya ji abin da aka yi, ya so ya wuce a ranar, sai ga damina ta cika rafin da ke ƙasan Guzal, babur ba ya ƙetarawa. Kwana goma sha tara! Kullum la'asar sai ya zauna a bayan shago ya rubuta mata, yana kallon saƙon ya tsaya cak. Abinci ya daina shiga. Hajiya Hindu, mahaifiyarsa, ta dube shi ta ce, "Alhaji, ɗan nan fa ƙarewa yake." Alhaji ya ce zai warke.

Ita ma can ba barci take da daɗi ba. La'asar na yi sai ƙafarta ta nufi hanyar gona da kanta, ta tsaya a bakin rijiya, ta juyo. Tana fushi da shi, tana kewarsa, kuma kewar ta fi yawa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ranar da ruwa ya janye, Mahfuzu ya ƙetare da wandonsa a naɗe. Ya isa gonar. Daidai inda aka zare dutsen nan, katanga ta uku ta ɓalle, ƙasa da dawa sun gangare kan ta biyu. Malam Isa na tsugune shi kaɗai yana tattara duwatsu.

"Baba, wallahi ban sani ba."

Tsohon bai ɗago ba. "Rantsuwa ba ta tare ƙasa."

Mahfuzu ya tuɓe agogo, ya bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke, ya tara su gefe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ya jera biyar, suka zube. Ya sake, suka zube.

A rana ta uku Malam Isa ya gaji da kallon ɓarna. "Kai, ba haka ba! Juya shi. Kowane dutse yana da fuskar da yake kwanciya a kai. Babba a ƙasa, ka jingina shi ya kalli gona, ka cusa ƙanana a baya don ruwa ya sami hanya."

A masallaci yake kwana. Tafin hannunsa ya fashe, farce biyu suka fita. Kullum da rana sai ya tarar da kwanon tuwo a rufe a gindin tsamiya, ba ya ganin mai kawowa. Rana ta shida ya tarar da man kaɗanya a ɗan gwangwani kusa da kwanon. Ya daɗe yana riƙe da gwangwanin nan. Mahamat kuwa, tun da Jauro, mai garin, ya kira shi gaban dattawa ya amsa cewa Alhaji ne ya aiko, ba ɗansa ba, sai ya tsiri tafiya Marwa.

Ana cikin mako na biyu sai ga Alhaji Salmanu da kansa, ya zo tafiya da ɗansa. Hawan ya kusa kashe shi. Ya zube a kan faffaɗan dutsen nan, babbar riga ta jiƙe sharkaf, ya tarar da mata huɗu a zaune kowace da waya.

Wata tsohuwa da ake kira Mama Yvonne ta miƙo masa tata. "Alhaji, idona ya mutu. Nemo min Serge, ɗana, soja ne a Kuseri. Ran Laraba kaɗai yake samu."

Alhaji ya nemo, ya danna. Ya ji muryar namiji ta fito, ya ga tsohuwa ta rungume waya da hannu biyu tana dariya tana hawaye, da yaren da bai sani ba. Da ta gama ta ce, "Useko, na gode, Allah ya biya. Ka ji wai wani mai kuɗin Garwa zai katange nan? Allah ya shirye shi. Shi ba shi da ɗa a nesa ne?"

Alhaji ya yi tari. Ya leƙa ƙasa, ga Mahfuzu ya rungumo dutse a ƙirji, ya rame, ya yi baƙi, wani tsoho na nuna masa inda zai sa.

"Yana da shi," ya ce a hankali.

Abin da dattawan biyu suka tattauna a zauren Malam Isa, ba wanda ya ji duka. An dai ji Alhaji yana cewa shi bai ce ya yarda ba tukuna, an kuma ji shi yana tambayar sadaki. Gona ta zauna a hannun mai ita. Baƙi kuwa aka ce a gina musu ɗakuna uku na dutse da ciyawa a kan fakon da ba ya shuka, a bayan gidan Jauro, kuma matan gari su riƙa dafa musu.

Da la'asar Mahfuzu na ɗora dutsen ƙarshe, ya ji taku a bayansa.

"Mai Mita, wannan ya karkace."

Bai juyo da sauri ba, don idonsa ya cika. "Ki zo ki gyara."

Ta wuce shi ta hau dutsen rezo, ta kunna waya. Nan take wayar ta fara kuka a hannunta, ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa. Saƙonnin kwana goma sha tara suka yi ta zubowa. Ta zauna tana bi ɗaya-ɗaya.

"Ban aiko kowa ba, 'Yar Dutse."

"Yau ma la'asar ta yi, ba ki zo ba."

"Ko zagina ne ki hau ki yi, in dai ga ya shiga."

Na ƙarshen ya ce: "Ruwa ya fara janyewa, gobe zan zo. In kin ƙi ni, zan gyara abin da aka ɓata in tafi. Amma ki ci gaba da hawa, ko ba don ni ba. Dutsenki ne."

Ta rufe fuska da mayafi. "Ka yafe min. Na yarda da maganar wani ban tambaye ka ba."

"Ke ce mai man kaɗanya?"

"Akuyar Jauro ce," ta ce cikin kuka, suka fashe da dariya tare.

Bayan an girbe dawa aka ɗaura aure a Guzal. Mutanen Rumde Ajiya suka hau dutse suna haki suna salati, Hajiya Hindu ta rantse ba za ta sake ba, ta kuma fi kowa rawa. Mama Yvonne ta kawo wa amarya ƙwaryar riɗi. Baƙin farko na ɗakunan nan 'yan ɗaurin aure ne.

Da za a tafi da amarya, Malam Isa ya kama hannun Mahfuzu, ya juya tafin, ya shafa kantar da duwatsu suka bari.

"Na ba ka ita. Ka riƙe ta yadda na koya maka, ka bar wa ruwa hanya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai."

Yanzu Sadiƙa na Garwa, inda waya ke kamawa har a madafa. Amma kullum la'asar ta yi, sai ta ajiye abin da take yi ta zauna da waya a cinya. Can a Guzal, wani tsoho da bai taɓa riƙe waya ba sai bana yana hawa katanga ta ɗaya, ta biyu, ya dafa ta uku ya huta, ya ƙarasa kan dutsen ya miƙa wa duk wanda ya tarar.

"Nemo min Sadiƙa."