Hannun Marwa

"Don Allah, Marwa, ki aje almakashin nan ki saurare ni."

Ban aje ba. Ina tsakiyar yanke wani fure daga tsohuwar kalanda, saura ganye ɗaya. Mijina Taufiq yana tsaye a bakin ƙofa, makullin moto, babur ɗinsa, a hannunsa, ya kasa shigowa ɗakinsa kamar baƙo.

"Ina jin ka, sheri."

"Inna ta kira ni ina lakwal, cikin aji. Ta ce ki zo Kona ki ga jinjirar ƙanwata A'i in kina so. Amma... kada ki kawo tablo."

Almakashin ya goce, ya raba furen biyu.

"Don mi?"

"Kin sani, Marwata. Kada ki sa ni in faɗa."

Na sani. Duk unguwarmu a Tasawa ta sani.

A fwaye, cibiyar koya wa mata aikin hannu, na koyi sana'ar. Sai in samu katako, in goge shi da yashi har ya yi santsi, in yanko furanni da taurari daga takardu da ƙyallen atamfa, in manna su da kol, wato gam, sannan in bi da berni, man sa katako ƙyalli, shafa uku har su koma kamar an zana su a jikin icen. Shi ake kira tablo. Shekara biyar da aurenmu Allah bai ba ni haihuwa ba, don haka duk wadda ta haihu cikin dangi ko maƙwabta, da tablona nake zuwa barka. Na yi goma sha tara.

Cikin goma sha taran nan, yara biyu suka rasu. Ɗan Balkisu maƙwabciyata da damina, na zazzaɓi. Bayan wata huɗu sai ɗiyar wata ƙawata. Babu wanda ya ƙirga sauran goma sha bakwai da ke yawo suna wasa. Biyun nan aka ƙirga. Aka ce marar haihuwa ce ke manna baƙin cikinta a katako tana rabawa. Wata rana na wuce bola, na hangi nawa guda a kife cikin toka.

"Kai ma ka yarda?" na tambaye shi.

"Wallahi a'a!"

"To, dube ni ka faɗa."

Ya dube ni, amma idonsa bai daɗe ba.

"Uwata ce, Marwa. A'i kuma cikinta biyu suka zube kafin wannan. Tsoro suke ji. Ki bari a yi suna lafiya, daga baya..."

"A'i ce ta roƙe ni da bakinta! Tun tana da wata bakwai ta ce in sa mata zangarnun gero da wata sabo. Sati uku ina kansa."

Ya juya ya fita. Ni kuma na yanko wani furen na manna, na yi shafar berni ta ƙarshe. Da safe na naɗe tablon cikin zane, na tura ƙasan jakata, na rufe shi da sabulu da turare. Taufiq ya gani. Ya kau da kai.

Kwana biyar da haihuwa muka hau moto zuwa Kona, ƙauyensu. Tun daga fitar gari hadari ke biye da mu ta gabas, baƙi ƙirin, ba iska, ba tsawa. Gero ya tsaya cak a gonaki.

A tsakar gida muka tarar da Inna Zara'u, surukata, tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar ruwan jego. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana? Barka da arziki."

"Lahiya." Idonta na kan jakata.

Matan da ke zaune a rumfa suka zuba mini ido lokaci guda. Ɗaya ta jawo ɗanta ta ɗora a cinya.

A'i kam da na shiga ɗakinta ta gan ni sai ta miƙo hannu biyu. "Anti Marwa! Na zaci ba ki zuwa. Kin kawo?"

Na ɗaga mata gira, na zaro shi daga jaka. Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta karɓa, ta buɗe, ta shafa zangarnun da yatsa. "Kai... kamar in karya in ci tumu." Ta tura shi bayan akwati, sannan ta yaye zanen da ke rufe da jinjirar.

Na sunkuya. Ɗakin da duhu, sai na matsa da ita wajen taga.

Na ƙura mata ido.

Aikina ne duba launi. Farin idonta ya koma ruwan ƙwai, tafin hannunta haka, har tafin ƙafa. Gefen cibiyar ya yi ja, ya kumbura, wani wari na tashi. Na taɓa kumatunta, ko motsi.

"A'i, yaushe rabonta da nono?"

"Tun jiya da la'asar take ƙi. Inna ta ce barcin jarirai ne..."

"Taufiq!" Ban san na ɗaga murya haka ba. "Taufiq, zo ka gani!"

Inna ta riga shi shigowa. Ta fizge jinjirar daga hannuna.

"Wa ya ba ki ita?"

"Inna, ɗiyar nan ba ta da lafiya. A kai ta likita yanzu-yanzu."

"Lahiyarta lau har kika shigo!" Idonta ya sauka kan gefen katakon da ya leƙo daga bayan akwati. Ta jawo shi. Muryarta ta koma ƙasa, kuma wannan ta fi ihun ban tsoro. "Na ce kada ki kawo. Kin kawo."

"Inna..." in ji Taufiq daga bakin ƙofa.

"Kai kuma, ka zaɓa. In ƙafar ɗiyar nan ta fita gidan ga kan maganar matarka, kafin a raɗa mata suna, to kada ka sake kirana uwa."

A'i ta fashe da kuka. Mijinta Cindo yana kasuwar Mayahi, wayarsa ba ta shiga. Iska ta fara kaɗa labulen ƙofa.

Na dubi Taufiq. Ban roƙe shi ba, don na san in ya ƙi yau, babu sauran abin da zan koma wa a gidansa.

Ya matso a hankali, ya buɗe tafin hannun jinjirar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, zan ɗauka. Amma in na bar ta ta kwana haka, ban da bakin da zan amsa wa Allah. A'i, ɗauko mayafinki."

Inna ba ta miƙa ba. A'i ce ta sa hannu ta zare ɗiyarta.

Moto ba ta ɗaukar mu duka. Taufiq ya kalle ni yana tada ta. "Zan dawo in ɗauke ki, rabin raina. Ki yi haƙuri."

Suka tafi, suka bar ni da Inna da matan rumfa.

Inna ba ta zage ni ba. Ta fito da tablon, ta cusa shi ƙarƙashin tukunyar jego. Bernin ya kama nan take, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, furannin suka nannaɗe ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallo, hawaye ya ƙi zuwa.

"In ta mutu a hanya," in ji ta, ba tare da ta juyo ba, "ke kika kashe ta."

Sai ruwa ya kece.

Matan suka watse. Na zauna a zaure ni kaɗai, wayata a hannu, babu rezo, kira ba ya shiga. Azahar ta wuce. Na yi ta tuna kwarin da ke kan hanya, yadda yake cika cikin ƙiftawar ido. Har na fara tambayar kaina ko gaskiya suke faɗi, na juya tafin hannuwana ina duba su kamar na wata.

Bayan la'asar rezo ya dawo, wayar ta yi ƙara. Kafin in ɗaga, Inna tana tsaye a kaina, jiƙe sharkaf. Taufiq ne. Na sa a bayyane don ta ji.

"Marwa? Mun iso. Ciwon cibiya ne ya shiga jininta. An sa mata ruwa da allura." Muryarsa ta karye. "Likita ya ce da mun kai gobe... Marwa, yanzu ta kama nono!"

Inna ta dafa bango. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na girgiza.

"Biyu na bizne ma A'i," ta ce cikin kuka. "Da hannuna na naɗe su... Tsoro nike ji, tsoro!"

Na matsa kusa da ita kawai.

Mun daɗe a haka. Da ruwan ya tsagaita ta tashi ta shiga ciki, na ji ƙarar kwanoni. Ta fito da fura a kwarya da ƙullin kayan jinjira, ta aika aka kira mai amalanken shanu ya kai mu bakin titi, mu samu motar zuwa likita.

Amalanken da tsawo, gwiwoyinta kuma sun daɗe suna ciwo. Ta gwada hawa sau biyu ta kasa. Mai amalanken ya miƙo hannu, ta ƙi kamawa. Ta juyo gare ni.

"Ɗiyata," ta ce, "kama ni."

Na kama ta. Har muka kai titi ba ta sake ni ba.