Darasin Tarihi Ranar Talata

Ƙarfe takwas da kwata mai shara ta tura ƙofar ɗakin ajiyar littattafai, ƙofar ta ƙi buɗuwa sosai. Ta sa kafaɗa ta ƙara turawa, sai ta ga abin da ya tokare ta: ƙafar Mataimakin Shugaban makaranta ce. Yana kwance rub da ciki tsakanin kantoci, ƙeyarsa a rotse, jini ya malala har ƙarƙashin kwalayen alli. Kusa da kansa ga ƙararrawar makaranta mai mariƙin katako, gashi da jini sun manne a bakinta.

Kafin Sufeton 'yan sanda ta iso, mutanen unguwa sun riga sun yanke hukunci. Ta tarar sun yi wa malamin lissafi taron dangi a bakin ƙofa, wanda yara ke kira Aradu saboda tsawarsa. Wannan na narka masa ƙafar benci, wancan na tattaka shi, wata tsohuwa ma da ba ta san hawa ba balle sauka tana jifa da takalminta. Sai da Sajen da ke tare da ita ya yi harbi sama aka dare. Aradu ya ɗago, haƙoransa biyu a ƙasa, ido ɗaya ya rufe ruf. Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa, don ba abin da ta tsana kamar masu shari'a da gora.

A ofis Shugaba ya warware mata zancen. Makonni uku da suka wuce, ranar Talata, a darasi na uku, an karya wa wata ɗaliba 'yar aji biyu hannu wuri biyu. Jadawali ya ce lokacin lissafi ne, kuma ga sa hannun Aradu a littafin shiga aji. Yau ƙarfe sha biyu kwamitin ladabtar da malamai zai zauna zaman ƙarshe a kan lasisinsa, Mataimaki ne shaidan da ya rage.

"In Aradu bai halarta ba fa?" in ji Sufeto.

"Sai a soke a bayan idonsa. Ba zai ƙara riƙe alli ko'ina ba."

Sufeto ta duba agogo, ta sa aka shigo da Aradu.

"Malam, ina kake ƙarfe bakwai?"

"A gida. Ina gugar rigar da zan sa gaban kwamiti." Ya tofar da jini a hankici. "Ga ta nan, kin ga yadda ta koma."

"Kai ka karya yarinyar?"

"Wallahi ban shiga ajin ba. Matata ce naƙuda ta kama, aka bugo mini. Na sa hannu a littafi na fice."

"Ka sa hannu a aikin da ba ka yi ba."

"Na sa. Wannan laifina ne, ban musa ba. Amma na gaya wa Mataimaki, ya ce in tafi zai tura wani."

"Wa ya tura?"

"Ya ƙi faɗa mini. Sati uku ina bin sa kamar maroƙi. Su kuma yara an tambaye su sun yi gum. Wa zai yarda da ni? Kowa ya san ina da tsawa."

Na biyu a zargi shi ne uban yarinyar, wani makanike da ya taɓa shigowa makarantar da sifana yana rantsuwar sai ya ga jinin malami. Saje ya buga asibiti. Tun shida da rabi mutumin yana kan layi da 'yarsa za a duba karayar, nas biyu sun shaida, don har rigima ya yi da su. Aka cire shi.

Shugaba ne ya tuna cewa jiya Mataimaki ya tattara littattafan lissafi na 'yan aji biyu, guda arba'in da ɗaya, ya kai ɗakin ajiya. Aka duba, babu ko ɗaya. Maigadi ya ce shi bai ga kowa ba, malamai ta ƙaramar ƙofar baya suke shigowa, amma ya yi mamakin ganin ramin shara yana hayaƙi tun kafin ya kunna shi. Sufeto ta tona tokar da sanda. Bangaye ne a ƙone, da wasu shafuka masu lambobi.

"Shi ke nan, ranki ya daɗe," in ji Saje. "Ya kashe shaida, ya ƙone shaida."

"Kai dai akwai ka da gaggawa. Me ke cikin littafin lissafi ranar da ba a yi lissafi ba?"

"Ba komai."

"To, wannan ba komai ɗin ne kaɗai zai wanke Aradu. Mahaukaci ne shi da zai ƙone sabulunsa?"

Kafin ta sa kaki, Sufeto ta yi shekara huɗu tana koyarwa, ta san halin malamai kamar yunwar cikinta. Ba malamin da za a ba shi minti arba'in na banza a ajin wani ya tsaya koyar da darasin wani. Nasa zai tura gaba, don kowa manhajarsa ta yi masa yawa. Ta shiga aji biyu, ta ce kowa ya juye jakarsa a kan tebur. Ba ta tambaye su komai ba, ta dai bi littattafan ɗaya bayan ɗaya tana neman kwanan watan waccan Talatar. A littafin tarihi ta same shi, a na kowa, alhali jadawalin da ke manne a bango ya nuna ajin ba ya tarihi sai Litinin da Alhamis. Kuma duk rubutun a tsakiyar jimla ɗaya ya tsaya.

Ta aika aka ɗauko jakar yarinyar daga gida. A nata littafin, biro ya ja dogon layi daga tsakiyar kalma har ya keta takardar.

Malamin tarihi dattijo ne mai fara'a, yara na ce masa Malam Sannu-Sannu. Ta same shi a ɗakin malamai yana ba wata malama baki. Ya tashi ya ba ta kujerarsa.

"Malam, wa ke kan aiki wannan makon?"

"Ni ne, Sufeto. Allah ya jiƙan aminina, shekara ashirin muna tare."

"Amin. Mai aikin mako ne ke kaɗa ƙararrawar taron safe, ko?"

"Haka ne, bakwai da rabi."

"Yau da me ka tara yara?"

"Da usur. Na ara wurin malamin wasanni."

"Saboda me?"

"Ban ga ƙararrawar ba."

"Wa ka tambaya?"

Sufeto ta juya ta dubi malaman ɗaya bayan ɗaya, ta dubi maigadi, kowa ya girgiza kai.

"Ƙararrawa ɗaya ce a makarantar nan, a kan tagar Shugaba take kwana. Ta ɓata, ba ka tambayi kowa ba, ba ka aiki yaro ko ɗaya ya duba ba. Saura minti arba'in da biyar a ga gawa, amma kai ka riga ka san inda ƙararrawar take." Ta ajiye littafin yarinyar a gabansa a buɗe. "Kai Mataimaki ya tura ajin. Ya rufa maka asiri sati uku saboda abota, har zuciyarsa ta kasa. Yau da safe ya gaya maka zai faɗi gaskiya. Ka ƙone littattafan lissafi, ka manta da naka."

Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Fara'ar nan ta ɓace kamar an share allo. Ya suri kujerar ƙarfe ya maka wa Saje a kafaɗa, ya cafki wuyan Sufeto da hannu biyu ya haɗa ta da bango har hoton da ke rataye ya faɗo ya tarwatse. Ta ga duhu-duhu. Ta tattara ƙarfinta ta sa masa gwiwa a ciki, Saje ya taso ya murɗe hannunsa ta baya har sai da ya yi ƙara. Yana ƙasa, ankwa a hannu, yana ta kumfar baki.

"Gargaɗin ƙarshe gare ni tun tsohuwar makarantata! Ƙara ɗaya, lasisina ya tafi! Shekara talatin ina wannan aiki, a kan 'yar da ta yi mini dariya a aji?"

Sha biyu saura minti biyar Sufeto ta shiga zauren kwamiti, wuyanta duk shatin yatsu, Saje na biye da tulin littattafan tarihi. Aradu na zaune da yagaggiyar rigarsa. Makanike ya kawo 'yarsa daga asibiti, ya tsaya can baya ya kasa haɗa ido da kowa. Kwamiti ya yi awa guda yana buɗe shafuka. A ƙarshe aka bar wa Aradu lasisinsa, aka rubuta masa gargaɗi a kan sa hannun ƙarya. Ya kifa kumburarriyar fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka kamar yaro.

Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya dubi yarinyar, ransa a jagule.

"'Yata, sau biyu muka zo makarantarku. Mun tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Da kin buɗe baki, da yau mutum bai mutu ba. Me ya hana ki?"

Yarinyar ta gyara hannunta a cikin majanyin da ke rataye a wuyanta.

"Baba, na so in faɗa. Amma da na shigo, Malam Sannu-Sannu ne zaune a gefenku da biro, yana rubuta abin da kowa ya ce."

Shugaban kwamiti ya janyo takardun zaman farko ya duba ƙasan shafi. Ga sa hannun wakilin malamai mai ɗaukar bayani, ga nasa a kusa da shi.