Dagin da Rekiya Ta Warware

Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa Sailuba ta faɗo, ko sallamar kirki babu, ta wurgo wani abu a kan tabarma har ya kusa kifar da tiren.

"Ga shi nan, Inna. Na ce miki yarinyar nan ba haka ta bar ɗanki ba, kin ce sharri nake mata. To yau gani ya kori ji."

Inna ta ɗauka ta juya shi. Ɗan ƙyalle ne shuɗi mai kusurwa huɗu, bai wuce faɗin faifai ba, an ɗinke shi a kan baƙar roba, a tsakiyarsa kuma an yi aikin dagi da zaren siliki ja da ruwan gwal. Ba sai an faɗa mata ba, ta san hannun. Shekara biyu ke nan Rekiya, 'yar wani manomi a Azuba, take karɓar huluna a gidan tana yi musu aiki, Inna na sayarwa. A wannan zirga-zirgar Mahmuda, autan Inna, ya gan ta, kuma tun daga ranar bai sake ganin wata mace a garin Lafiya ba. Magana har ta yi nisa, jibi Asabar baffansu zai je Azuba neman aure.

Sailuba kuwa, yayar Mahmuda, tun farko ba ta so ba. Irin matan nan ce da in suka tsani mutum ko atishawa ya yi sai sun ce da manufa. A ganinta ƙaninta mai difloma ya wuce auren wadda iyakarta firamare. Ita ce mai shagon buga takardu a titin Jos, inda Mahmuda ke zama gaban kwamfutar da mijinta ya sayo mata daga Legas. A watan nan aka ba da sabuwar jiha, masu neman aikin gwamnati sun cika shagon, kowa da takardarsa a hannu.

Ta bayyana wa Inna cewa wannan abin shimfiɗar maus ce, wato ɗan abin nan da ake murzawa a kan tebur kibiya tana yawo a gilashin kwamfuta. Rekiya ce ta ɗinka ta ba Mahmuda kyauta. Tun ranar da ya shimfiɗa shi kibiyar take tsalle-tsalle, ta cije, ta ƙi zuwa inda aka nufa, aikin minti goma sai ya ci rabin awa.

"Kastomomi suna ta tsere mini, Inna. Sau uku ina cire shi ina jefawa a durowa, kafin in juya baya ya mayar. Wane mai hankali ne zai yi haka? Kuma dubi, hawa biyu ce an ɗinke bakin ruf. Me aka ɓoye a ciki in ba laya ba?"

Mahmuda ya shigo yana haki, ashe a guje ya biyo ta. Ya rantse babu komai a ciki, amma da Inna ta tambaye shi to me ya sa na'urar take ƙin aiki, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Shirun nan shi ya ɓata komai. Inna ba mai saurin yarda da zancen asiri ba ce, to amma zuciyar uwa aka taɓa. Ta ce babu mai taka ƙafa Azuba ranar Asabar sai ta ga abin da ke ciki da idonta.

Ranar Alhamis ce, ranar kawo huluna. Bayan azahar Rekiya ta yi sallama da ƙunshinta, ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta gaishe da Sailuba. Maimakon amsa, almakashi ta gani a hannun Sailuba, da kyautarta a kan tabarma. Sailuba ba ta rage komai ba, ta zazzage mata tas: 'yar ƙauye, mai bin bokaye, wadda ta ga gidan arziki ta liƙe. Rekiya ta dubi Mahmuda, shi kuma ya dubi ƙasa. Hawaye suka cika mata ido.

"Yaya, kar ka sa almakashi," in ji Rekiya. Irin Hausarsu ce, mace ma 'ka' ake ce mata, kuma kullum Sailuba sai ta yi dariyar hakan, yau dai ba ta yi ba. "In an yanka, gobe za a ce abin ya faɗi ba a gani ba. Hannuna ya ɗinka, hannuna zai warware, kowa na kallo."

Ta zare allura daga gefen ɗankwalinta ta fara warware ɗinkin baki. Ƙyalle ya rabu da roba, Inna ta karɓa ta kakkaɓe, ta ɗaga a rana. Ko tsinke babu. Da wata ce da kunya ta kama ta a nan, amma banda Sailuba. Ta danna dagin da yatsa ta ce ai ga inda aka cusa shi nan, in ba haka ba me ya sa ya yi tudu?

Inna ta san amsar, don duk mai aikin hula ta san ana jera zare a ƙasa kafin a hau da siliki, domin aikin ya tashi ya yi kyau. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Rekiya har ta soka allura. Mako uku ta yi tana wannan dagin, a tsakanin surfe da ɗaukar ruwa. Ta riƙa zare shi ɗaya bayan ɗaya, tana jera zaren a kan cinyarta, hawaye na ɗiga a kan shuɗin ƙyallen. Aka kira la'asar, aka yi salla aka dawo, tana nan. Da ta cire zaren ƙarshe babu abin da ya rage sai hujojin allura, ta miƙa wa Sailuba da hannu biyu.

A nan ne bakin Mahmuda ya buɗe, bayan aikin gama ya gama. Ya ce a cikin maus akwai ɗan ƙwallon roba da ke gangarawa, ba ya son tudu ko kaɗan, sai wuri sumul. Tun ranar farko ya gane dagin ne ke tare shi. Bai faɗa ba ne don kada Rekiya ta ji wahalarta ta tashi a banza, a gaban yayarsa kuma ba ya son a ce ta yi aikin rashin sani.

Rekiya ta ɗago ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba.

"Ni ban taɓa riƙe maus ba, Mahmuda. Da ka ce mini na yi kuskure, kwana ɗaya zan ji kunya in gyara. Ka ji tsoron a ce ban sani ba, ka bari aka ce na yi maka asiri."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sailuba ta fara kame-kame, wai ai ita ba ta ce tabbas ba, wai kowa ya ga abin da ta gani zai yi zato. Inna ta katse ta.

"Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Ni ma da na saurare ki ina da nawa kason." Ta jawo Rekiya jikinta ta share mata fuska da bakin zanenta. "Ki yafe mana, 'yata. Asabar tana nan, in har kina son wannan sakaran."

Rekiya ta mayar da allurarta gefen ɗankwali. Can ta ce a hankali tana so, amma da sharaɗin daga yau in ta yi ba daidai ba ya faɗa mata a gaban idonta, ko da za ta yi kuka. Ya yi alkawari a gaban uwarsa da yayarsa.

Inna ta juya ga Sailuba ta ce ita za ta sayo goro da alawar da za a kai, kuma ranar ɗaurin aure ita za ta je ta ɗauko amarya, don bakin da ya ɓata suna shi ya kamata ya fara gyarawa. Sailuba ta tashi fuu ta fita tana ƙunƙuni. Ranar Asabar da hantsi dai sai ga ta da huhun goro, fuska a murtuke.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Haƙuri ne ya wanke Rekiya, don da ta biye wa zuciya ta tattara hulunanta ta tafi, da har gobe ana nuna ta da baki a Lafiya. Masoya kuma su ɗauki nasu darasin daga Mahmuda: ɓoye wa masoyi gaskiya don gudun ɓacin ransa ba tausayi ba ne, domin ranar da maƙiyi ya sami wannan shirun, abin da ya ga dama zai zuba a ciki.