Tambarin Galván a Tafin Cheno

Feliciana tana durƙushe gaban dutsen niƙa, tana niƙa masarar gurasar rana, sai ta ga mahaifinta ya shigo tsakar gida rungume da kabewa. Ba ƙarama ba, irin wadda sai an sa hannu biyu. Nan take ɗan dutsen ya suɓuce mata.

Ranar kwana goma sha biyar ke nan cif da dattawa biyu suka kawo takardar nema wa Nepomuceno Zepeda, wanda kowa ke kira Cheno, aurenta. A wajenmu, mu mutanen bakin kogin San Antonio, uban yarinya ba ya amsawa ranar da aka zo, sai bayan kwana goma sha biyar. Idan kuwa ya aika da kabewa gidan saurayi, to magana ta mutu.

"Baba… miya za a yi da ita?" ta tambaya.

"Gidan Zepeda za su yi miyar," in ji mahaifin nata, Don Eulogio Galván, ya dire kabewar a kan teburi.

Matarsa Doña Tiburcia ta saki ludayi. "Haba Eulogio! Yaron da ya girma a gabanmu? Kai fa ka koya masa jefa igiya!"

"Jefa igiya na koya masa, ban koya masa harbin 'yan uwansa ba! Ya je ya kwaso yaren baƙi yana lanƙwasa harshe da shi. Bakin da ya iya wannan yaren, wace ƙarya ce ba zai iya ba?"

Abin da ya jawo wannan kuwa, bara aka yi yaƙin da Teksas ta ɓalle daga Meziko, yaƙin da ya tsaga gidajenmu gida biyu. Cheno ya bi masu neman ɓallewa tare da Amurkawan da suka kwararo daga arewa, ya ce ya gaji da mulkin mutanen da ba su taɓa shan ruwan koginmu ba. Anselmo kuwa, yayan Feliciana, kakin sojan Meziko ya sa. Aka kama shi a fagen daga na San Jacinto, ya yi wata goma yana yi wa Amurkawa dako, ya dawo gida da gurguwar ƙafa da baƙin rai.

Anselmo ɗin ne ya ɗauki kabewar yana murmushin mugunta. "Ni zan kai, Baba. Ina son in ga fuskarsa."

La'asar ba ta yi ba sai ga Cheno a ƙofar gida, malafarsa a hannu. Bai ƙarasa gaisuwa ba Anselmo ya zabga masa bulalar doki a fuska—tau! Fatar kumatu ta tsage, jini ya gangaro wuyan riga.

"Rama mana!" Anselmo ya daka masa tsawa, ya ƙara masa. "Rama, karen Amurkawa! Ko sai an ba ka umarni da Turanci?"

"Ba zan ɗaga maka hannu ba, Anselmo. A kwano ɗaya muka ci da kai."

"Da wannan bakin kake tuna min?"

Feliciana ta fito da gudu ta faɗa tsakaninsu, bulala ta uku ta sauka a gadon bayanta. Mahaifinta ya fizgo ta da gashi, ya wanke ta da mari, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Wuce ciki, marar kunya! Kai kuma, idan na sake ganin ƙafarka a nan, da bindiga zan tarbe ka!"

Ta kwana uku tana kuka, uwarta na shafa mata mai a baya tana kukan ita ma. A rana ta huɗu ta sauka kogi wanki, sai ga Cheno daga bayan itatuwa, fuska a kumbure.

"Feli, na ga Fada, limamin cocinmu," ya ce da sauri. "Ya ce idan kin yarda coci zai ɗauke ki ya ajiye a gidan wata dattijuwa, ba mai taɓa ki, har a ɗaura mana aure. Doka ce, Babanki ba shi da ta cewa."

Ta san dokar, ta san 'yan matan da suka bi ta. Kuma wallahi zuciyarta ta so, ta so ƙwarai! Amma ta girgiza kai.

"Wa zan durƙusa wa ranar auren, Cheno? Wa zai ɗora min hannu a ka ya sa min albarka? Ina son ka, Allah ne shaida, amma ba zan shiga gidanka da bakin ubana a bayana ba."

"To idan bai taɓa saukowa ba fa?"

"Sai in tsufa ina niƙa masara. Kai ma ka tsufa da wannan mummunar fuskar."

Ya yi dariya, dariyar ta ja masa ciwon, ya dafe kumatu. Haka suka rabu, wata bakwai ba su sake haɗa ido ba.

Sai lokacin sa wa shanu tambari ya zo. Ranar nan ba a hana maƙwabci zuwa ko kuna gaba, domin dole ya duba ko 'yan maruƙansa sun ɓata cikin garkenka. Don haka Cheno ya zo, ya tsaya can gefe da igiyarsa, Don Eulogio ya yi kamar bai gan shi ba. An tara shanu kusan ɗari uku a shinge, masu dogayen ƙahonin nan marasa mutunci. Wuta na ci, ƙarfen tambarin gidan Galván ya yi jajir a cikinta. Feliciana na raba wa makiyaya ruwa.

Rana ta take tsaka sai ga mahaya bakwai da bindigogi. Ba irin Amurkawan da muka saba da su ba ne. Sababbin zuwa ne, waɗanda suka iso bayan an gama yaƙi, suna cewa duk mai jin Sifaniyanci abokin gaba ne, shanunsa kuma ganima. Karen gida ya yi musu haushi, babbansu, wani mai jan gemu, ya harbe shi ko kallonsa bai yi ba.

Don Eulogio ya matso. "Malam, ƙasar nan kakana ne ya sare ta, me kuke—"

Gindin bindiga ya same shi a goshi, ya zube a ƙasa. Doña Tiburcia ta kurma ihu. Makiyaya suka daskare, bakin bindiga shida na kallonsu. Mai jan gemu ya yi wata magana da ƙarfi, ba wanda ya gane. Sai Cheno ya ajiye igiyarsa ya fito.

Ya amsa masa da yarensu. Ya zaro takarda daga ƙirji ya miƙa, takardar sallamarsa daga rundunar Teksas. Mai jan gemu ya karanta, ya yi dariya, ya sauko daga doki ya dafa kafaɗarsa kamar tsohon aboki.

"Kun gani?" Don Eulogio ya ce daga ƙasa, jini na shiga masa ido. "Kun gani da idonku? Shi ya kawo su! Ga shi can yana cinikinmu da yarensu! Allah ya isa, Zepeda!"

Gaban Feliciana ya faɗi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, tana dai ganin hannun baƙon a kafaɗar masoyinta. Karon farko shakka ta shige ta.

Mai jan gemu ya fara nuna mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya. Cheno ya girgiza kai. Ya sake tambaya, dariyar ta ɗauke. Cheno ya sake girgiza kai. Sai mutumin ya keta takardar gida biyu, ya tofa mata yawu, ya naushe shi a baki.

Mutum uku suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan kututture. Mai jan gemu ya zaro ƙarfen tambari daga wuta, ya kai shi dab da idon Cheno, ya yi tambaya ta uku.

Cheno ya tofar da jini ya rufe bakinsa.

Ƙarfen ya sauka a tafin hannunsa. Ƙauri ya tashi, irin wanda suka wuni suna shaƙa daga fatar shanu. Ihun da Cheno ya yi ba da Turanci ya yi shi ba. Uwarsa ya kira, da yaren da ta yi masa goyo.

Wannan ihun ya wanke shakkar Feliciana tas. Ba wanda ke kallonta, wa zai kula da yarinya mai tulu? Ta zagaya zuwa ƙofar shinge, ta zare sandunan da suka tare ƙofar ɗaya, biyu, uku, ta haura bayan garken, ta fizgi bargon doki tana kaɗawa tana ihu iya ƙarfinta.

Kai! Wanda bai ga shanunmu sun fusata ba bai ga tashin hankali ba. Ƙarar bindiga da ƙaurin wuta sun riga sun firgita su, suka fito gaba ɗaya, ƙasa na girgiza. Dawakan baƙin suka yi tsaye da ƙafa biyu. Wani bijimi ya soki doki a ciki ya kayar da shi kan mahayinsa. Wani mahayin ƙafarsa ta maƙale a likkafa, doki ya ja shi cikin ƙaya. Makiyayanmu suka farfaɗo, igiyoyi suka tashi, wuƙaƙe suka fito. Anselmo, da gurguwar ƙafarsa, ya zarge wuyan mai jan gemu ya ja shi a ƙasa har sai da abokansa suka yanke igiyar suka gudu da shi. Biyu daga cikinsu ba su tashi ba.

Da ƙura ta lafa, Feliciana ta sami Cheno a gindin kututturen, wanda shi ne ya kare shi daga kofato. Ta ɗora kansa a cinyarta a gaban kowa, ta yage mayafinta tana naɗe masa hannu tana kuka.

"Tashi daga nan!" Don Eulogio ya ce, yana tangaɗi. "Abokan cinikinsa ne suka juya masa baya, ina ruwanmu? Ku jefar da shi bayan shinge!"

"Baba, dakata."

Anselmo ne. Fuskarsa ta yi fari.

"Wata goma na yi a hannun mutanen nan, Baba. Ba na iya mayarwa, amma ina jin yarensu. Duk abin da aka faɗa na ji." Ya matso kusa. "Ni suke nema. Sun sami labarin akwai sojan Meziko a gidan nan, sun zo su rataye shi. Suka ce wa Cheno, kai namu ne, nuna mana shi, mu ba ka rabin shanun."

"Me ya ce?" Doña Tiburcia ta tambaya a hankali.

"Ya ce nan babu soja, 'yan uwansa ne kawai, kuma an haife su a ƙasar nan tun kafin ta sami sabon suna. Sau uku suka tambaye shi, Mama. Ina tsaye taku biyar daga gare shi, na kasa buɗe baki." Sai ya zube a kan gwiwarsa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. "Ni da na fasa masa fuska!"

Don Eulogio ya durƙusa da ƙyar, ya kwance mayafin, ya dubi tafin hannun. Tambarin gidan Galván ne a kwance ɓaro-ɓaro a cikin naman.

"Ɗana," ya ce. "Na zage ka saboda yaren da ka ceci ɗana da shi. Ka yafe min."

"Ba komai, Baba," in ji Cheno, da ƙyar ake jin sa.

"Feliciana, kawo kanki."

A nan, cikin jini da kashin shanu, tsohon ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Cheno, ya sa musu albarka da sunan Allah, hawaye na ɗiga daga gemunsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, Anselmo ne ya riƙe wa ango zobe, domin hannun bai sake buɗewa sosai ba har Cheno ya tsufa. Baƙin sun dawo a wasu shekarun, da bindiga da takardun kotu, sun kuma ci rabin ƙasar Galván, ba zan ɓoye muku ba. Amma gidan bai sake tsagewa ba.

Ku 'yan mata da samari, ku duba da kyau. Da Feliciana ta gudu tun ranar kogi, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ta same su duka biyu. Ku kuma iyaye, kada ku yanke wa yaro hukunci don tutar da ya bi ko yaren da ya koya. Ranar da masu bindiga suka zo, ba su tambayi wace tuta kowa ya bi ba, kuma bakin da Don Eulogio ya tsine wa, shi ne ya ƙi faɗin sunan ɗansa.