Maciji a Firizar Umma

Ranar da suka fara haɗuwa, da faɗa aka buɗe. Ya shigo ɗakin gwaje-gwajen jami'a da maciji a bokiti mai murfi, takalminsa duk taɓo. Ta gyara gilashinta ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, a ina ka kamo shi?"

"Can dai wajen kogi."

"Wane gefen? Nan ko tsallake?"

Ya sosa ƙeya, ta dafe kai. Aikinta ke nan, bin asalin macijin kirait, wannan baƙin mai fararen zobba, tana duba ƙwayoyin halittarsa don ta gane wa ya haɗa kaka da wa. Amma kullum masu kamu sai su kawo mata maciji ba adireshi!

Tun ranar ta laƙa masa Mai Bokiti, shi kuma ya ce 'Yar Gilashi. Samarin duniya turare suke kai wa 'yan mata, wannan bawan Allah saɓar maciji yake kaiwa, kuma abin haushi, daɗi take ji.

"'Yar Gilashina, yau na tsallaka kogi saboda ke. Na samo miki saɓa mai kyau, har na riƙe inda na tsince ta. Ki yi murmushi mana."

"Na yi, abin ƙaunata. Amma ka wanke takalminka kafin ka shigo min ofis."

Ana cikin haka firizar ofis ta mutu, ga mataccen kirait ɗin tsallake zai lalace. Mai Bokiti ya ce a kai firizar gidan su 'Yar Gilashi. Ita kuma, da duk karatunta, ta yarda. Washegari mahaifiyarta, Umma, ta buɗe roba za ta ɗauko nama. Ihun da ta yi har maƙwabta sai da suka fito ba takalmi.

"Tun bai aure ki ba ya fara ajiye min gawa a gida! Wallahi ban yarda ba. Ga ɗan ƙawata mai kantin magani, mutum tsaf-tsaf, ƙamshi kawai yake."

Masoyan kuwa, maimakon su haɗa kai, sai suka hau juna.

"Kai ka kawo shawarar!"

"Ke kika zaɓi robar nama!"

Suka daina gaisawa. Ta rame, shi ma ya rame, amma kowa na ji da kansa. Kai, soyayya da wahala take.

Umma da kanta ta kawo robar ofis, an naɗe ta leda kan leda. Ta dangwarar za ta juya, sai idonta ya faɗa kan kwamfuta: wani zane mai rassa kamar bishiya. Umma kuwa ba ta wuce zancen dangi.

"Wannan fa?"

"Zuri'arsu ce, Umma. A ido duk ɗaya suke, amma na tsallake sun daɗe da rabuwa da na nan. Dafinsu ma ya bambanta. Allurar maganin dafin da ake da ita kuma da dafin na nan aka haɗa ta."

Umma ta laluba kujera ta zauna.

"A tsallake irin macijin nan ya sari ƙanena, yana barci a tabarma. An yi masa allurar, ba ta yi ba, ya rasu. Aka ce mun makara. Har yau ina ganin laifina."

'Yar Gilashi ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Ba zan rantse ba, Umma. Amma mai yiwuwa ko da gudu kuka kai shi, allurar ba ta wannan macijin ba ce."

Umma ta yi kuka sosai. Ashe ba ƙyama ba ce ta hana ta yarda, tsoro ne. Ba ta son 'yarta ta zauna jiran mijin da ba zai dawo ba.

Mai Bokiti, da ya maƙale a bakin ƙofa, ya duƙa. "Umma, in ba a kamo na tsallake ba, ba za a taɓa haɗa maganinsu ba. Ni ma ina tsoronsu, shi ya sa ba na wasa da su."

Ta share ido ta harare shi. "Dubi takalminka, duk ya yage. Ka nemi dogo mai kauri. Kuma duk inda ka je, ka dawo min da ƙafafunka, ka ji ko?"

"Na ji, Umma."

"To tashi, ka cika min ido."

Aka ɗaura aure. Mai kantin magani ma ya zo, ya yi fatan alheri daga nesa. Cikin kayan amarya sai ga sabuwar firiza, Umma ta sa mata kwaɗo, ta damƙa wa ango makullin.

"Wannan ta danginku ce, kada in ƙara ganinsu a tawa. Allah ya yi muku albarka, ya tsare min ku, ya sa maganin nan ya samu."

Suka haɗa baki suka ce amin, amarya tana goge gilashinta da gefen mayafi.